Uwa a Ƙofar Hukuma: Neman Taimakon Gwamnati Domin Renon Naƙasasshen Yaro a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

GABATARWA



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne hanyar da mai renon naƙasasshen yaro zai bi ya nemi taimakon kuɗi daga gwamnati. Na zaɓi in kafa misalaina a ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda wakili guda yake wakiltarsu a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Dalilina kuwa shi ne, waɗannan wurare suna nesa da babban birnin jiha, mutanensu galibi manoma ne da makiyaya, sa'an nan sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Duk shirin taimakon da ya iya isa ɗakin wata uwa a ƙauyen Sabuwa, to, zai iya isa ko'ina a jihar.

Kafin in shiga magana, bari in ce wani abu game da suna. A yau an fi son a ce "masu buƙata ta musamman", domin a kauce wa ƙasƙanci, kuma wannan niyya ce mai kyau. Zan yi amfani da shi, zan kuma yi amfani da kalmar naƙasa inda magana ta bukaci a fito fili, domin da ita iyayen suke faɗin damuwarsu.

Jigon maganata ɗaya ne. A ƙasar nan babu wani shiri na Gwamnatin Tarayya da aka keɓe domin biyan mai renon naƙasasshen yaro wani abu a kowane wata. Taimakon da ke akwai a warwatse yake a ofisoshi dabam-dabam, kowanne da takardun da yake nema, wadda kuma ta fi kowa bukatarsa ita ce ta fi kowa rashin halin fita ta bi layi. Saboda haka aikinmu biyu ne: mu san ƙofofin da ke akwai mu nuna wa mutane, sa'an nan mu yi ƙoƙarin mayar da wannan taimako hakki mai ƙa'ida.

NAUYIN DA KE KAN MAI RENO

Bari mu ƙaddara wata mata a wani ƙauye na ƙasar Faskari. Ta yi doguwar naƙuda a gida, jaririn ya fito bai yi kuka da wuri ba. Yanzu shekararsa shida, ba ya zama da kansa, ba ya magana, sai an dama masa abinci an ɗura masa, wani lokaci kuma farfaɗiya takan kama shi. Maƙwabta suna raɗa cewa ɗan ruwa ne. Likita kuwa zai ce ƙwaƙwalwar yaron ce ta sami rauni saboda ƙarancin iska a lokacin haihuwa. Irin wannan rauni yakan biyo bayan shawara mai tsanani a makon farko na jariri, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ƙyanda kuma takan bar makanta, sanƙarau ya bar kurumta. Shan inna, wadda ta gurgunta yara masu yawa a Arewa, an ci ƙarfinta: a shekarar 2016 aka ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Nijeriya, a Jihar Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

To, mene ne wannan reno yake ci wa gidan? Da farko akwai kuɗin da ke fita: maganin farfaɗiya wanda ba a yanke shi ko kwana ɗaya, da sabulun wankin shimfiɗa kullum, da abinci mai laushi, da kuɗin mota zuwa gashi. Gashi kuwa ba a zuwa sau ɗaya a ce an gama, sai an yi ta komawa wata da watanni, kuma a manyan asibitoci ake samun masu yin sa, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yaron da ba ya zama ba ya hawa babur shi kaɗai, don haka kowace tafiya kuɗin mutum biyu ce ko uku.

Na biyu akwai kuɗin da ya daina shigowa, shi ne wanda ba a lissafawa. Matar nan da can tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara suna kai mata talla. Yanzu hannunta ba ya sauka daga kan yaro. Sau da yawa yayarsa mace ake cirewa daga makaranta ta taya goyo, ke nan naƙasar yaro ɗaya ta cinye karatun yara biyu.

Na uku akwai abin da rashin tsaro ya ƙara. Kowa ya tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara. Duniya ta ji wannan. Abin da ba ta ji ba shi ne halin uwar da za ta gudu cikin dare da ɗan shekara goma a bayanta, ta bar gona da katin asibiti da duk wata takarda da gidan ya mallaka. A watan Satumba na 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, waɗannan uku suna ciki. Wannan darasi ne ga masu tsara shirin da ya dogara kacokan ga saƙon waya.

ABIN DA MUKA GADA

Kada wani ya ɗauka cewa Hausawa ba su da tsarin kula da naƙasassu kafin zuwan ofis da fayil. Garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke shiga tsakanin mutanensu da fada. Akwai zakka da sadaka, akwai kuma gandu, inda 'yan'uwa ke noma tare su ci tare, mai rauni ya sami rabonsa ba tare da ya roƙa ba.

Sai dai mu lura da iyakar wannan gado. Sarautun nan na manya ne masu iya fita su nema. Yaron da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba shi da sarki, uwarsa ce kaɗai wakiliyarsa. Gandu kuwa ya watse a wurare da yawa, wanda ya rage kuma gudun hijira ya tarwatsa shi. Saboda haka nauyin da dangi ashirin suke ɗauka a da, yau ya koma kan mace guda.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara a 1991, ta kuma amince da ta hakkin naƙasassu a 2010. A cikin gida kuwa, babbar dokar ita ce ta hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ita ce ta haifar da Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka naɗa shugabanninta a 2020.

Ya kamata kowane ma'aikaci ya san abin da wannan doka ta tanada. Ta ba naƙasasshe hakkin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma ɗora wa Hukumar samar da kayan da ke taimaka masa wajen karatun. Ta ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, ta tanadi takardar shaidar naƙasa ta dindindin, da kuma ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180. Ta ce a ba naƙasasshe fifiko a layi. Ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara. Wanda ya nuna musu bambanci kuwa, in mutum ne tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu, in kamfani ne naira miliyan ɗaya.

Duk wannan ci gaba ne. Amma ku karanta dokar daga farko har ƙarshe, ba za ku ga inda ta yanka wa mai reno alawus ba. A nan ne matsalar take. Doka ta hana uwa ta ɗauki ɗanta ta zauna da shi bakin kasuwar Sheme tana bara, kuma daidai ne a hana, domin bara tana cin mutuncin yaro. To, amma da aka rufe mata wannan hanya, wace aka buɗe mata? Karatu kyauta bai amfani yaron da ba shi da keken da zai kai shi makaranta ba, magani kyauta kuma bai biya kuɗin motar zuwa asibiti ba.

ƘOFOFIN DA KE AKWAI

Da babu gara ba daɗi. Bari in lissafa ƙofofin da mai reno zai iya ƙwanƙwasawa, da yadda kowace take buɗewa.

Ta farko ita ce rajistar matalauta ta ƙasa. Tun daga 2016 Gwamnatin Tarayya, da taimakon Bankin Duniya, ta fara tattara sunayen gidajen da suka fi talauci, kowace jiha da ofishin da ke riƙe da nata kundin. Daga cikin wannan rajista aka riƙa zaɓen gidajen da ake ba naira 5,000 a wata, ana biya 10,000 duk wata biyu, kuma galibi a hannun uwar gida ake sa kuɗin. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na dukiyar Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai aka ƙaddamar da sabon shiri a watan Oktoba na shekarar, na ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. An dakatar da shi a farkon 2024 saboda binciken almundahana, daga baya aka ci gaba, tare da sharaɗin lambar NIN da asusun ajiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan rajista ba a shigarta da wasiƙa. Ma'aikata ne suke zuwa gari, a tara maza da mata da matasa, su faɗi abin da suke kira talauci a garinsu, su lissafa gidajen da suka fi cancanta, sa'an nan masu ɗaukar bayani su bi gida-gida. To, wa ke halartar irin wannan taro? Ba uwar da ke tsare da yaro ba ce. Wani gidan ma ɓoye yaron ake yi saboda kunya, har mai ɗaukar bayani ya zo ya tafi bai san da shi ba. Don haka shawara ga iyaye ita ce su sanar da mai unguwa tun kafin lokacin, su wakilta wanda zai ambaci sunansu a taro, su kuma tabbata an rubuta naƙasar yaron a fom. Sa'an nan mu lura, kuɗin nan na talaucin gida ne, ba ya ƙaruwa don gida yana da naƙasasshen yaro, alhali ɗawainiyarsa ta fi ta maƙwabcinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta ambaci naƙasassu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin waɗanda za a biya wa kuɗin inshora. A Katsina hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ce ke rajistar irin waɗannan mutane, ta hanyar asibitocin mazaɓu. Wannan ba kuɗi ne a hannu ba, amma gidan da aka ɗauke wa kuɗin kati da na magani ya sami sauƙin da wani lokaci ya fi abin da za a danƙa masa. Guraben suna da iyaka, saboda haka a riƙa tambayar shugaban asibitin mazaɓa yaushe za a buɗe rajista.

Ta uku ita ce ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar jiha mai kula da wannan fanni. Nan ne ake kai wasiƙar neman keken guragu, ko sandunan tafiya, ko kuɗin tiyata, ko ɗan jari. Taimakonsu na lokaci-lokaci ne, gwargwadon abin da ke cikin kasafi da ra'ayin shugaba. Kusa da wannan akwai hukumar zakka da waƙafi ta jiha da kwamitocin zakka na masarautu.

Ta huɗu ita ce makaranta. Jihar tana da makarantar kurame a Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, da makarantar makafi a birnin Katsina. Yaron da ya sami gurbi a irin waɗannan ya sami ilimi, uwarsa kuma ta sami hannun yin sana'a.

Ta biyar ita ce ƙungiyoyin naƙasassu da kansu, waɗanda ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa mai rassa a jihohi. Idan gwamnati ko wata ƙungiyar agaji za ta yi rabo, galibi shugabannin nan ake tambaya su kawo sunaye. Iyaye da yawa suna ganin ƙungiyar ta manya ce, ba sa kai sunan yaro, sai rabo ya wuce su.

TAKARDU DA WASIƘA

Kowace ƙofa cikin waɗannan tana da makulli, makullin kuwa takarda ne. Ga waɗanda ya kamata a tanada tun kafin bukata ta taso: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN ta uwa ko uba, domin da ita ake yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 tasa, rahoton likita daga asibitin gwamnati, mai ɗauke da sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi irin naƙasar, da cewa mai ɗorewa ce, da abin da yaron ke bukata, takardar shaida daga dagaci ko hakimi, hotunan yaro da na mai reno, sai asusun banki da sunan wanda ke renon da gaske. Na nanata wannan na ƙarshe, domin kuɗin da ya shiga asusun kawu ko na ɗan siyasar unguwa yakan yi ɓatan kai kafin ya iso ɗaki. A yankin da ake gudun dare kuwa, a yi kwafin kowace takarda a ajiye wurin wani ɗan'uwa a Funtuwa ko wani gari, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Ɗalibai, ku ne za a kawo wa takarda da alƙalami in kun koma gida hutu, don haka ku saurara. Yawancin wasiƙun neman taimako da ke zuwa ofis shafi biyu ne na kirari da addu'a, sa'an nan a ƙarshe a ce a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Akawu ba shi da abin da zai yi da irin wannan sai ya sa ta a fayil. Wasiƙa mai amfani takan faɗi sunan yaro da shekarunsa da garinsu da mazaɓarsu, ta faɗi abin da likita ya ce, ta nemi abu guda takamaimai, ta faɗi kuɗinsa, ta haɗa da shaidar farashin. A yi ta kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan na biyun, a tafi da shi gida. Da wannan kwafi ake bin sawu. In an ga zalunci a fili, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafin Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma kai musu kuka ba ya cin ko kwabo.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa suna a rajista, ko ya bugo waya yana neman lambar sirrin katin banki, ɓarawo ne.

YADDA WASU SUKA YI

Kada a ce abin da nake nema mafarki ne. A Afirka ta Kudu, dokar taimakon jama'a ta 2004 ta tanadi alawus na wata-wata ga mai renon yaro ɗan ƙasa da shekara 18 mai naƙasa mai tsanani, muddin likita ya tabbatar, kuma samun gidan bai wuce wani ƙima ba. A shekarar 2024 kuɗin ya haura rand 2,000 a wata. A Ingila an fara biyan masu jinyar naƙasassu alawus a 1976, amma da farko an hana matan aure, bisa tunanin cewa ai dama suna gida. Sai a 1986, bayan wata mata ta kai ƙara har kotun Turai, aka gyara. Wannan tunani na cewa wahalar uwa kyauta ce, shi ne har yanzu yake cikin kawunanmu.

Misali mafi kusa kuwa yana Jigawa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta kafa doka ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, an zaɓo su daga dukkan ƙananan hukumomi 27 na jihar, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ci gaba da shirin. Abin da ya raya shi shi ne an rubuta shi a doka, an kuma sa shi a kasafi.

SHAWARWARI

Na farko, a ƙidaya yaran. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, watau kimanin ɗaya cikin goma. Mu kuwa rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. Amma muna da ma'aikatan rigakafi da suka san kowane zaure, domin da su aka ci ƙarfin shan inna. Ƙafar da ta kai ɗigon rigakafi gida-gida za ta iya kai fom. A kai rajista ɗakin uwa, a daina jiran uwa ta zo sakatariya.

Na biyu, Majalisar Dokokin Jiha ta kafa alawus na mai reno, dokar kuma ta amsa tambayoyi huɗu a fili: wa ya cancanta, nawa ne, yaushe ake biya, ina wanda aka hana zai kai kuka. Bari mu yi lissafi. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361. In an fara da yara goma mafiya tsananin bukata a kowace mazaɓa, yara 3,610 ke nan. In an ba kowanne naira 20,000 a wata, abin zai kama naira miliyan 72.2 a wata, watau miliyan 866.4 a shekara. Kasafin jihar na 2024 ya haura naira biliyan 450, ke nan wannan bai kai kwabo 20 cikin kowace naira 100 ba. Ƙananan hukumomi ma za su iya sa hannu, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Na uku, a kula da sharuɗɗa. Masu tarihi sun rawaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya yanka wa yara rabo daga baitulmali, amma sai wanda aka yaye. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, da ya bincika sai ya taras uwar tana gaggawar yaye shi ne don ya shiga rabo. Da gari ya waye sai ya soke sharaɗin, ya ce a rubuta kowane yaro tun daga haihuwa. Ya ku ma'aikata, duk sharaɗin da kuka rubuta a ofis yana da wanda zai faɗa wa a ƙauye. In kun ce sai an kawo yaro Katsina a gan shi, kun cire na Sabuwa. In kun ce sai likita ya sabunta rahoto kowace shekara a kan naƙasar da ba ta warkewa, kuɗin mota ya cinye alawus. In kun ce sai mazaunin garinsu na asali, kun cire 'yan gudun hijira, waɗanda suka fi kowa bukata.

Na huɗu, a liƙa sunayen mazaɓu da adadin waɗanda aka biya a bangon sakatariya, a kuma sa iyayen yaran cikin kwamitin zaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabon da aka bar wa 'yan siyasa su kaɗai yakan zo ne gab da zaɓe, ya ɗauke bayansa.

Na biyar, kada a manta rigakafi ya fi magani. Ungozoma mai horo a asibitin mazaɓa, da fitilar gasa jariri mai shawara, da allurar ƙyanda da ta sanƙarau a kan lokaci, sun fi kowane alawus araha.

KAMMALAWA

Jama'a, matar nan da muka ƙaddara a ƙauyen Faskari tana yin aikin da in gwamnati ce za ta yi shi, sai ta gina gida ta ɗauki ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana. Ita tana yin sa ba albashi, ba hutun ƙarshen mako, ba ranar ritaya. Idan ta zo ƙofar ofis, ba bara ta kawo ta ba, ta zo ne a ɗauke mata wani yanki na nauyin da ke wuyan al'umma duka. Roƙona ga ma'aikata shi ne, in wasiƙarta ta zo teburinku ku ba ta amsa a rubuce, ko da amsar babu ce, ku kuma nuna mata ƙofa ta gaba. Roƙona ga ɗalibai kuma, kowannenku in ya koma garinsu ya nemi gida ɗaya mai irin wannan yaro, ya taya su haɗa takardun da na lissafa, ya raka su har a buga hatimi.

 Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.